Ingiricin da Ba a Yanka Ba

Na sayi kwari guda a kan dutsen Mambila ina zaune a Guangzhou, da shanunsa da ciyawarsa da gidan da ke cikinsa, kuma ba don ina sha'awar kiwo na saya ba. Na saya ne don in kori wani tsoho. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, daga allo sai firamare, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru, ban iya yi masa ado ba.

A cikin kwarin aka haife ni. Mahaifina Bakano ne da neman abinci ya kai shi dutse, ya zama shugaban masu yankan ingirici a wurin mai kwarin, wani Alhaji mai babban garke. Idan damina ta zo ƙarewa sai a yanke ciyawa tana da sauran ɗanyenta, a shanya, a tara ta tsibi-tsibi, ita shanu za su ci har ruwa ya dawo. Wannan shi ne aikin Baba shekara goma sha tara.

Ina da shekara goma sha bakwai Alhaji ya matsa a tara ciyawa da wuri, don yana da tafiya. Baba ya ce ba ta gama shan rana ba. Alhaji ya ce a tara. Aka tara. Tsibin ya ɗauki zafi daga ciki, ya ruɓe, ya yi baƙi ƙirin. Da Alhaji ya dawo ya ga ɓarnar, sai ya tara ma'aikata a ƙofar gida, ya sa sandarsa ya ture hular Baba ta faɗi cikin taɓo.

"Kai Bakano, me ka sani ban da auna gyaɗa?" in ji shi.

Baba ya sunkuya ya ɗauki hularsa. Washegari muka hau gangaren kwarin a ƙafa, Inna da tukwane a ka, ni da tabarmi. Baba ya ƙare yana gadin wani shago a Gembu, ya rasu bayan shekara huɗu, bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ba ranar da ban tayar da ita a zuciyata ba.

Daga Gembu na gangaro Kano, na yi zaman shago, na kama nawa, har Allah ya buɗe mini hanyar Sin. Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Sin ina da shekara biyar ina sarin takalma da jakunkuna a kasuwannin unguwar Liwan, cikin Guangzhou. A shekarar biza ta yi wuya ƙwarai. Wanda ya fita bai da tabbacin dawowa, don haka mu da takardunmu ke da sauran rai muka zauna daram, muna lallaɓa kayanmu da ke maƙale a masana'antu.

Akwai wata mata 'yar Yamai da ke tuƙa tuwo a wani ɗaki a saman bene, nan muke haɗuwa da rana. A nan na ga babban ɗan Alhaji. Kallo ɗaya na yi masa na gane shi, don hancin uban ne a fuskarsa. Shi bai gane ni ba. Lokacin da aka kore mu yana makarantar kwana, kuma ko yana gida ba ya kallon 'ya'yan masu yankan ciyawa. Na zauna kusa da shi na ci tuwona, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Dillalina, wani mutumin Maradi mai yawan barkwanci, shi ya ba ni labari muna saukowa daga benen.

"Patiro," in ji shi, haka yake kirana, wato maigida, "ka ga wancan mai babbar rigar? Rigar ce kawai ta rage. Kasuwa ta kayar da shi. Gonar shanun ubansa zai sayar, can ƙasarku a kan dutse."

"Uban ya yarda?"

"Ya yarda, don ya ceci ɗansa. Maƙwabtansu ne za su haɗa hannu su saya. Sun ce tsohon ya zauna a ɗakinsa har Allah ya karɓi abinsa. An gama magana, shaidu kawai suka rage."

Na tsaya a kan matakala. Na san haramun ne mutum ya sa ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, tun ina yaron shago aka koya mini. Da sanina na ce wa dillalin, "Je ka gaya wa ɗan Alhaji akwai mai ƙarawa a kan abin da suka taya. Kuma a nan za a ba shi, a hannu. Kada ka faɗi ko wane ne."

"Kai da ko akuya ba ka da ita?"

"Je ka dai."

Kwana biyar ɗan Alhaji ya yi yana juya maganar. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, muka zauna a ofishin dillalin da shaidu uku, Kanawa biyu da Bazabarme ɗaya. Akwai talabijin a bango ana nuna masu tsere. Aka karanta iyakoki: daga rafi zuwa kan tudu, da garke, da gida, da rumbunan ciyawa. Ɗan Alhaji ya miƙo hannu ya ce, "Na sallama, Allah ya sa albarka." Shaidu suka shafa. Sai da ya sa hannu a takarda sannan ya ce mini, yana murmushi, "Yallaɓai, sai maganar tsohonmu. Na san ba za ka ƙi ya ƙarasa kwanakinsa a ɗakinsa ba."

"An faɗi haka a cikin cinikin?" na tambayi shaidu.

Suka dubi juna. Ba a faɗa ba.

"Ka tuna Bakanon da ke yanka muku ingirici?" na ce. "Wanda bai san komai ba sai auna gyaɗa? To, ɗansa ne ya auna ku yau."

Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce azumi ya kusa, in bari tsohon ya yi Sallah. Ya ce mutum ne mai shekara tamanin, gwiwoyinsa sun tafi. Ɗaya daga cikin Kanawan ya riƙe mini hannu ya ce, "Haba ɗan'uwa, ka dubi Allah." Na ce kwana goma na bayar, kuma alheri na yi, mu kwana ɗaya aka ba mu.

Ba ni da ikon tafiya da kaina saboda biza, sai na wakilta kawuna, ƙanin Inna, tela ne a Gembu. A lokacin babu sabis a cikin kwarin, sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama. Idan ya kira da safensu, ni nan la'asar ta yi, ina tsakiyar kasuwa. Na ba shi umarni biyu. Na farko, ranar fitar tsohon a kulle ƙofar shinge ta sama, kada mota ko babur ya sauka kwarin, ya hau gangaren da ƙafarsa. Na biyu, duk wanda ya taɓa cin abincin gidan Alhaji kada ya ƙara taɓa mini ciyawa.

"Ɗana, duk masu yankan nan mutanensa ne fa," in ji kawu.

"Su bi shi."

Ranar uku ga azumi tsohon ya fita. Kawu ya kira ni ina shagon wani mai jakunkuna, na fito bakin titi na toshe kunne ɗaya.

"Ya fita?"

"Ya fita."

"A ƙafa?"

"A ƙafa. Mutum biyu suna riƙe da shi. Sau huɗu yana zama a kan dutse."

"Ya yi kuka?"

"Bai yi ba. Ya dai tsaya a wurin garke ya daɗe."

Sau uku na sa kawu ya maimaita mini, har katinsa ya ƙare. Ba zan ɓoye ba, ranar na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa ba. Da bakin azumi na tsaya a titin nan, Sinawa suna wucewa da kekunansu, ina dariya ni kaɗai. Da aka sha ruwa na saya wa duk wanda ke gidan tuwon nama, ban gaya musu dalili ba.

Makiyayan tsohon duk suka bi shi, sai biyu da suka tsaya saboda tausayin shanun. Masu yankan ciyawa kuwa ni na kore su. Ban damu ba, don ina da dabara. Mu 'yan Guangzhou a wancan zamani mun yi imani babu aikin da ɗan Adam ke yi da hannu wanda Sinawa ba su ƙera masa inji ba. Na sa dillalina ya kai ni wurin masu kayan noma a bayan gari. Lawban ɗin, wato mai wurin, ya zuba mana shayi a 'yan ƙananan kofuna, ya nuna mana hoton bidiyo: ga inji ja yana tafe yana aske ciyawa, wani a bayansa yana ɗaure ta dami-dami. Aikin mutum talatin a yini ɗaya.

Na karkata tafin hannuna na nuna masa gangare. "Dutse fa, lawban?"

Ya kaɗa hannu yana dariya. "Meyo matsala, meyo matsala," wato babu matsala.

Dillalina ya ja ni gefe. "Patiro, filin da ke cikin hoton nan kamar faranti yake. Ni ko a Maradi ban ga shimfiɗaɗɗen wuri irinsa ba. Kai kuma ka ce wurinku akuya ma sai ta yi bismilla kafin ta sauka."

"Kai dai karɓi la'adarka."

Na sayi injin, na haɗa da waya mai ƙaya da manyan kwaɗuna, don in kewaye kwarin yadda ko kazar mutanen tsohon ba za ta shiga ba. Aka loda a kwantena, aka kai tashar jiragen ruwa ta Nansha. An ce mini kwana arba'in. Amma kayan da suka taru tun lokacin wasannin sun yi yawa, kwantenata ta yi ta jiran jirgi mako bayan mako.

Ruwa ya fara ɗaukewa a dutse. Wata la'asar kawu ya kira, muryarsa a sanyaye.

"Tsohon ya aiko. Yana gidan surukinsa a nan Gembu. Ya ce a gaya wa yaron nan ya yanka kafin watan nan ya mutu. Ya fara daga gangaren yamma, shi ke saurin bushewa. Ya ce mutanensa za su zo da laujensu in ka yarda."

"Yaron nan? Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Ina da shekara arba'in da ɗaya, ina da mata da 'ya'ya biyar, na sayi ƙasar da yake taƙama da ita, amma har yanzu yaron nan ne. Kuma wai shi ne zai koya wa ɗan Baba lokacin yankan ciyawa. Na san gaskiya ya faɗa. A cikin aikin na tashi, na san ƙamshin ciyawar da ta isa yanka, na san in ta wuce kwanakinta ta zama kara. Da wani ne ya faɗa da na ji. Amma daga bakinsa ta fito.

"Kawu, ko ganye ɗaya kada a taɓa. Injina yana hanya."

Bayan mako biyu ya sake aikowa. Wannan karon ba yaro a ciki, cewa ya yi a gaya wa mai kwari. Na ji daɗin sunan, na kuma ƙi.

Injin bai iso dutse ba sai bayan Babbar Sallah da kusan wata guda. Kafin nan ciyawa ta bushe a tsaye, ta yi fari, ba sauran amfani a jikinta, wutar daji kuma ta cinye gefen yamma. Duk da haka na ce a gwada. Ranar farko, a gangaren farko, injin ya kife ya gangara cikin rafi. Allah ya kiyaye direban ya yi tsalle. Kawu ya ce mutanen ƙauye sun zo kallo har da mata.

Daga nan shanu suka fara faɗuwa. Masu shayarwa ne suka fara, sai maruƙa. Makiyaya biyun nan suna sassabe ganyen itace suna ba su, amma me ganye zai yi wa garke? Kowace la'asar waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Yau biyu, gobe uku, wasu an samu an yanka, wasu sun zama mushe kafin a kai gare su.

"Ɗana, ni tela ne," in ji kawu wata rana, yana kuka sosai. "Ban taɓa ganin dabba tana kallon mutum haka ba. Ka sallame ni, ko ka kira tsohon nan."

Lokacin sabuwar shekarar Sinawa ta kama. Kasuwanni a rufe, masana'antu a rufe, gari ya zama kamar an share, sai jajayen takardu a ƙofofi. Ba ciniki, ba abin da zan ɓuya a bayansa. Na je gidan tuwo na tarar da dillalina shi kaɗai. Na gaya masa komai. Bai yi barkwanci ba ranar.

"Su shanun, suna nan ranar da aka ture hular?" ya tambaye ni.

Sai ya ƙara da cewa:

"To kira tsohon."

Kwana uku na ƙara ina riƙe da lambar surukin a aljihu. A cikin kwana ukun nan uwar garke ta faɗi, wata jar saniya mai dogayen ƙaho da sauran ke bi. Wannan ma a wuyana take.

Rana ta huɗu na sayi kati, na zauna a bakin gado bayan azahar. Na riga na shirya maganata. Zan ce masa ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ba da umarnin tara ɗanyar ciyawa, ya ce ya zalunci Baba, sannan in ba mutanensa izinin shiga. Surukin ya ɗauka, na ji ana tafiya da wayar, na ji tari.

"Salamu alaikum, Alhaji."

"Wa alaikumus salam. Nawa suka rage a tsaye?"

Ko gaisuwa bai bari mun gama ba. Na faɗa masa abin da kawu ya gaya mini.

"Maganar ingirici ta wuce," in ji shi. "Sai dai a gangara da su ƙasa, bakin babban kogi, su ci rani a can. Tafiyar kwana shida ce ga mai ƙarfi. Ba kowa ya san hanyar da ke da ruwa ba, yarana sun sani. A bar masu rauni a baya da mutum ɗaya. A tashi gobe da asuba, kada a kai jibi."

"Alhaji, ka san ko ni ɗan wane ne?"

"Na sani."

"To ba ka da abin da za ka ce mini?"

Ina jin numfashinsa a wayar. Sannan ya ce, "Katinka zai ƙare. In maganar ubanka kake so, mu yi ta, doguwa ce. In ta shanu ce, ka ce a buɗe ƙofa in aika yanzu, kafin yaran su watse kasuwa. Wacce?"

Shekara ashirin da huɗu ina jiran wannan mutum a gabana. Ga shi a kunnena, tsoho, a ɗakin aro, kuma har yanzu shi ke ba da zaɓi. Na ji kamar in jefa wayar ta taga. Na ce, "A buɗe ƙofa."

"To," in ji shi, ya miƙa wa surukin wayar.

Washegari mutanensa suka sauka kwarin, su bakwai, suka kora abin da zai iya tafiya. Da ruwa ya dawo suka hauro da su, fiye da rabin garken ya tsira. Na biya su hakkinsu, na kuma roƙe su suka zauna. Su ke yanka mini ingirici har yau, da lauje.

Saura laifin da ya fi nauyi, shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan shanu sun dawo, kawu ya ce mini, "Ɗakin tsohon yana nan a kulle, ba mai kwana a ciki. Ka ce ya dawo mana." Dillalina ma ya faɗa. Har ɗan Alhaji, da muka yi kiciɓis a filin jirgin Baiyun zai koma gida gaba ɗaya, ya tsaya a gabana da jakarsa ɗaya ya ce, "Kullum da safe sai ya sa an fitar masa da kujera ta fuskanci wajen kwarin. Ban roƙe ka don kaina ba."

Na ce zan duba. A raina kuwa cewa na yi, sai ya fara kira na, sai ya faɗi kalmar nan ɗaya, cewa ya zalunci Baba. Ya ce doguwar magana ce, to ya kira mu yi ta. Na sa wa kaina wata guda, wata ya zama uku. Kowace la'asar ina duba waya a tsakiyar kasuwa. Bai kira ba, ni ma ban kira ba.

Da tsakiyar damina kawu ya hau tudu ya gaya mini tsohon ya rasu a gidan surukinsa. Iyalansa suka aiko suna neman izinin binne shi a kwarin, kusa da iyayensa. Wannan kam na ce a buɗe ƙofa, mota ta sauka har ƙasa.

Na yi istigfari, ina kan yi. Na nemi gafarar maƙwabtan da na shiga cinikinsu, biyu sun yafe, ɗaya ya ce sai a gaban Allah, kuma bai yi laifi ba. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, ga ta: har yau in na tuna bai faɗi kalmar nan ba, sai in ji zuciyata ta tafasa kamar ranar farko, sai na tashi na yi alwala kafin ta kwanta.